Filash ɗin da aka saya don ƙara wa laftof gudu: yadda muka bi matsalar har tushenta

Kwamfutar ta wani malamin lissafi ce da ke koyarwa a wata sakandare a Kano, kuma shi ke haɗa sakamakon jarrabawar ajujuwa da dama a Excel duk ƙarshen zango. Laftof ce ta hannu, irin waɗanda ake shigo da su daga waje bayan an gama cin moriyarsu a can: firosesa Core i3 na zubi na uku, wato ƙirar wajen 2012, ram giga 2, had-dis mai juyawa na giga 320, da Windows 10 mai bit 64. A gefenta na dama an jona 'yar na'urar nan mai raba kafar USB ɗaya zuwa huɗu, a jikinta akwai maus da wayar firinta da wani filash da aka rubuta wa giga 64.

Abu uku ya kawo shi shagona. Na farko, an ce masa idan ya sa filash ɗin ram zai ƙaru, amma duk sanda ya duba giga 2 yake gani. Na biyu, da farko ya ɗan ga canji, daga baya kwamfutar ta koma nauyinta na da, har ta fi, takan daskare yana tsakiyar shigar da maki. Na uku, wanda ya faɗa a ƙarshe kamar ba wani abu ba, shi ne wasu fayilolin da ya ajiye a filash ɗin sun ƙi buɗuwa. Wannan na ukun ne ya tayar min da hankali. Kwamfuta mai nauyi ana iya haƙuri da ita, amma makin ɗalibai in ya salwanta sai an koma kan takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, in ma har yanzu suna nan.

Don haka ban taɓa komai ba sai da na kwafe duk aikinsa daga cikin kwamfutar zuwa wani faifan waje nawa. Ana cikin kwafewar na lura tana tafiya tana cijewa, ta yi gudu sai ta tsaya cak a kan wani ƙaramin fayil, can kuma ta ci gaba. Na riƙe wannan a raina.

Da na tambaye shi wa ya saita filash ɗin, ya ce ƙaninsa ne. Muka kira yaron a waya, kuma daga bakinsa na samu tarihin da ba don shi ba da mun yi ta lalube. Ya ce da suka sayo filash ɗin ya kunna masa ReadyBoost, wani tsarin Windows da ke amfani da filash don rage wa had-dis aiki, amma Windows bai yarda ya ɗauki fiye da giga 4 ba. Yayansa ya ce ya ga ɗan sauƙi. Shi kuma yaron ya ga ai asara ce a ce filash mai giga 64 ana amfani da 4 kawai, sai ya yi masa fomatin ya mai da shi exFAT, wani tsarin ajiye fayiloli, ya ja ma'aunin ReadyBoost har ƙurya, Windows ya ɗauki giga 32. Ragowar wurin Malam ya riƙa zuba aikinsa a ciki. Daga baya da kwamfutar ta fara daskarewa, Task Manager yana nuna faifai na aiki ɗari bisa ɗari, yaron ya ga wani bidiyo da ya ce maganin hakan shi ne kashe wata hidimar Windows mai suna SysMain. Ya kashe. Duk abin da ya yi yana da dalili a ganinsa, kuma ban ga laifinsa ba, domin haka ake koyar da abin a intanet, gutsure-gutsure, kowa da nasa, ba mai gaya maka cewa wannan shawarar tana warware waccan.

Abin da ReadyBoost yake yi da wanda ba ya yi

Microsoft ta fito da ReadyBoost tare da Windows Vista a 2007, zamanin da ake sayar da kwamfutoci masu ram megabait 512 ko giga 1. Ba a yi shi don ya zama ram ba, kuma bai taɓa zama ba. Abin da yake yi shi ne ya buɗe fayil ɗaya a cikin filash mai suna ReadyBoost.sfcache, ya riƙa ajiye kwafin ƙananan bayanan da Windows ya lura ana yawan ɗaukowa daga had-dis. Idan an sake buƙatarsu sai a ɗauko daga filash maimakon a jira faifai.

Ga yadda na kwatanta wa Malam. Ram shi ne teburin da ke gaban mai kanti, had-dis kuma sito ne a bayan gida. Filash ɗin 'yar kanta ce da aka kafa kusa da hannu aka jera ashana da gishiri da sabulu, kayan da aka fi tambaya. Tana rage zarya zuwa sito, amma teburin bai ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba, kuma in buhun shinkafa ake so dole a shiga sito. Nan take ya gane ƙorafinsa na farko ba matsala ba ce. Giga 2 zai ci gaba da gani ko filash nawa ya jona.

Me ya sa filash zai fi had-dis sauri, alhali kowa ya san kwafe fim zuwa filash yana ɗaukar lokaci? Sirrin yana cikin irin karatun. Faifan laftof irin wannan yana juyawa sau 5400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa. Kafin a karanto wani ɗan bayani sai allurar ta matsa zuwa layin da yake, sannan ta jira faifan ya juyo da wurin, kuma jiran juyowar kaɗai yakan ci kusan milisakan 5 da rabi. In ka haɗa da motsin allura, kowane karatu ya haura milisakan 10, ke nan a daƙiƙa guda ba zai yi irin wannan karatun warwatse sau 100 ba. Ninka hakan da kilobait 4, ba ka ko kai rabin megabait ba. Filash ba shi da allura kuma ba ya juyawa, yana kai hannu wurin da ake so a ƙasa da milisakan 1. Amma idan babban fayil ne a jere, had-dis yana iya ba da megabait 80 zuwa 100 a daƙiƙa, USB 2.0 kuwa da ƙyar yake wuce 35. Shi ya sa ReadyBoost da kansa yake barin manyan karatu su tafi faifai, ya tsaya a kan ƙananan.

Abu biyu kuma da suka shafi wannan lamarin. Komai da ke cikin fayil ɗin kwafi ne, asalin yana kan faifai, don haka zare filash ba ya ɓatar da aikin kowa. Kuma a matse yake, a kulle da tsarin ɓoye bayanai na AES mai bit 128, makullin kuma sabo ake yi duk sanda kwamfuta ta tashi. Ma'anarsa, duk wanda ya tsinci filash ɗin ba zai iya karanta abin da ke ciki ba, amma kuma duk sanda aka kashe kwamfutar aka kunna, ko aka zare filash aka mayar, sai an fara cika ma'ajiyar daga farko.

Matakin farko na binciken kwamfutar Malam bai ɗauki lokaci ba. Na danna dama a kan filash, na shiga Properties, na buɗe shafin ReadyBoost, ya ce ba za a iya amfani da na'urar ba domin an kashe hidimar da ke kula da shi. Wannan hidimar ita ce SysMain, wadda a da ake kira Superfetch kafin a canja mata suna a Windows 10 na ƙarshen 2018. Ita ce ke lura da manhajojin da mutum ya fi buɗewa, ita ce kuma ke yanke abin da za a sa a filash. Kashe ta kashe ReadyBoost ne. Ke nan tun ranar da yaron ya bi shawarar bidiyon, filash ɗin yana maƙale ne kawai yana shan wuta. Na shiga services.msc na mai da SysMain kan Automatic, na tashe shi.

Da na koma shafin, saƙon ya canja. Yanzu cewa yake filash ɗin bai kai saurin da ake buƙata ba. Windows yana gwada kowane filash kafin ya karɓa, kuma ma'aunin a bayyane yake: karatun warwatse na kilobait 4 ya kai aƙalla megabait 2.5 a daƙiƙa, rubutun warwatse na kilobait 512 ya kai megabait 1.75. Saurin da ake bugawa a kwalin filash na karatun jere ne, ba ruwan ReadyBoost da shi, shi ya sa za ka ga filash mai kurin gudu ya faɗi wannan gwajin. Wanda yake son ganin sakamakon da idonsa ya buɗe Event Viewer, ya bi Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, ReadyBoost, Operational. Ko kuma ya buɗe Command Prompt da ikon shugaba, wato Run as administrator, ya rubuta winsat disk -read -ran -ransize 4096 -drive E, in E ne harafin filash ɗinsa.

Na zare filash daga waccan na'urar rabon kafa, wadda bakinta ya riga ya saki har filash na rawa a ciki, na soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar, na danna Test again. Ya haye, amma da ƙyar. Na sake gwadawa ya faɗi. Ƙanin Malam, da ya iso shagon a lokacin, ya ce ya san wata dabara ta shiga rajistar Windows, a wurin da ake kira EMDMgmt, a canja lambobin gwajin da hannu don a tilasta masa karɓa. Dabarar tana nan, kuma tana aiki, amma na ƙi. Gwajin ba don a wahalar da kowa aka sa shi ba. Filash ɗin da bai fi faifai sauri ba in ka tilasta shi, ka ƙara wa kwamfutar wani wurin jira ne.

Giga 64 da ba su nan

Da maganar sauri ce kaɗai da nan zan ce a canja filash a wuce wurin. Amma fayilolin da suka ƙi buɗuwa suna nan. Na duba su: sunayensu daidai, girmansu daidai, ranar da aka ajiye su daidai, amma Excel ya ce fayil ɗin ya lalace, hotuna kuma babu abin da ke fitowa. Na bincika ko bairos ne, irin wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wanda ake kwasowa a shagunan buga takardu. Ba shi ba ne. Na tambayi Malam nawa ya saye shi, da ya faɗa sai na ga kuɗin bai kai na filash na ƙwarai mai giga 16 ba.

Na kwashe abin da zai kwasu, na share filash ɗin tas, na sa masa H2testw. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta da Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar c't ta Jamus, kuma aikinta ɗaya ne: ta cika duk wurin da ke fili da bayanan da ta sani, sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar. Tana cin lokaci, musamman a filash mai nauyin rubutu, don haka na bar ta tana yi na kama wani aikin. Da ta gama sai ta nuna ƙasa da giga 8 ne lafiyayyu, duk sauran bayanan sun ɓace.

Yadda ake wannan ha'incin yana da kyau kowa ya sani. A cikin kowane filash akwai ƙwayar ajiya da kuma ɗan ƙaramin mai sarrafa ta, wanda shi ne ke gaya wa kwamfuta girman filash. Masu jabu sukan ɗauki ƙwaya mai giga 8 su sake saita mai sarrafawar ya riƙa cewa 64 ne. Windows ba ya ƙirga wurin da kansa, abin da aka gaya masa shi yake nunawa, ko fomatin ka yi sau goma 64 za ka gani. Muddin abin da ka zuba bai wuce girman gaskiya ba komai zai tafi daidai, kuma a nan ne mai saye ke sakin jiki. Da zarar an ƙetare iyakar, sabon bayanin ko dai ya zube a banza ko ya hau kan tsohon ya danne shi. Jerin sunayen fayiloli kuwa a farkon filash yake zaune, a ɓangaren da ke da lafiya, shi ya sa suna da girma suke fitowa cif alhali cikin babu komai.

Da wannan sai tarihin da yaron ya bayar ya zauna daram. Filash ɗin ya zo ne da tsarin FAT32, wanda ba ya barin fayil ɗaya ya kai giga 4 cur. Wannan iyakar ce ta hana ReadyBoost wuce giga 4 a farko, kuma ita ce ta tsare shi a cikin ɓangaren gaskiya, har Malam ya ga sauƙin da ya gani. Da aka koma exFAT iyakar ta tashi, Windows ya keɓe giga 32, wanda shi ne mafi yawan abin da yake ɗauka a filash ɗaya tun daga Windows 7, a kan ƙwayar da ba ta kai 8 ba. Fayil ɗin ReadyBoost ya mamaye duk wurin da ke da gaske ya zarce. Fayilolin Malam, da suka zo daga baya, a wurin da babu shi aka rubuta su.

Ya yi shiru, can ya ce, "To Injiniya, babu yadda za a yi a dawo da su?"

Na ce, "Malam, abin da aka goge ana iya nemansa. Wannan ba a taɓa rubuta shi ba."

Allah Ya taimaka yawancinsu kwafi ne, asalinsu na cikin kwamfutar, kuma na riga na kwashe. Amma akwai fayil ɗin aji ɗaya da ya buɗe kai tsaye daga filash ya yi ta aiki a kansa yana ajiyewa a can. Wannan ya tafi, sai da ya sake shigar da makin daga takardu. Abin yana min ciwo, domin wanda ya sayar masa wataƙila shi ma bai sani ba, a kwali ya saro, amma daren da Malam zai kwana yana maimaita aikin babu wanda zai biya shi. Duk filash ko katin waya da aka saya, kafin a ajiye abu mai muhimmanci a ciki a sa masa wannan gwajin. Ni a shagona ban yarda in miƙa wa mutum filash ban gwada ba.

Gwaji da filash na ƙwarai

Malam ya so ya san ko dabarar tana aiki in an samu filash mai kyau, ni ma ina son ya gani da idonsa maimakon ya ɗauki maganata. Na ɗauko nawa mai giga 16 na USB 3.0, na soka shi a kafa mai shuɗin baki, na yi masa fomatin NTFS. Ya haye gwajin a karon farko da rata mai yawa. Na ba ReadyBoost giga 6. Shawarar Microsoft ita ce daga daidai girman ram zuwa ninki uku, kuma tunda ana matse bayanan kusan biyu a ɗaya, giga 6 yana ɗaukar abin da ya fi haka. Ja har 32 a kwamfuta mai ram giga 2 ba ya ƙara komai, ba ta da ƙananan bayanan da za su cika shi.

Wata 'yar matsala ta ɓullo a nan: in aka rufe murfin kwamfutar ta yi barci aka buɗe, wani lokacin filash ba ya dawowa sai an zare an mayar. Wannan daga tsarin tattalin wuta ne. Na shiga Power Options na kashe USB selective suspend, na kuma shiga Device Manager na cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe USB Root Hub. Ya daidaita.

Maimakon mu dogara da "ina jin kamar ta yi sauri", na buɗe Performance Monitor na ƙara ma'aunan ReadyBoost Cache. Uku na sa wa ido: Bytes cached, mai nuna yawan abin da aka tara, Cache reads/sec, karatun da filash ya amsa, da Skipped reads/sec, waɗanda ya bar wa faifai. A farko ma'ajiyar fanko ce, babu wani bambanci, sai da aka yi ta aiki ta fara cika. Bayan nan buɗe Word da Excel da jerin Start ya yi sauƙi yadda mutum zai lura. Kwafe manyan fayiloli bai canja ba. Tashin kwamfuta daga kashe bai canja ba. Chrome da shafuka biyar ko shida a buɗe tare da Excel kuwa yana nan yadda yake, domin wannan ƙarancin ram ne tsagwaronsa: Windows 10 shi kaɗai yana cinye fiye da rabin giga 2, sauran kuma sai an yi ta turawa zuwa pagefile, wato fayil ɗin da ke karɓar abin da ram ya kasa ɗauka, a kan faifai ana dawowa da shi, kuma rubutun dole ya sauka a faifan.

Sannan ga yanayin da kwamfutar ke rayuwa a ciki, wanda masu ba da shawara daga nesa ba sa sawa a lissafi. Batirinta ya daɗe da mutuwa, a jikin caja take aiki. Duk sanda aka ɗauke wuta, ko aka juya daga NEPA zuwa janareta, ɗif take mutuwa. Kowace mutuwa kuma tana nufin ReadyBoost ya fara tara kayansa daga sifili, kuma taruwar ita kanta karatu ce daga faifan da ake son rage wa aiki. Malam kuma ya saba zare filash ya kai shagon firintin. A irin wannan rayuwar, kafin ma'ajiyar ta cika ta fara amfani an sake rushe ta. In mutum zai yi ReadyBoost, filash ɗin ya zama na wannan aikin ne kaɗai, ƙarami wanda ba ya leƙowa sosai don kada a buge shi a jaka, kuma a bar shi a wurin.

Daskarewar dai ba ta daina ba. Ko da filash mai kyau, jefi-jefi komai sai ya tsaya, maus na motsi amma babu abin da ke amsawa, fitilar faifai a kunne ba ta ƙiftawa. Na kara kunnena a ƙasan kwamfutar ta wajen da had-dis yake, na ji wani ɗan ƙas, ƙas, a jere, sai shiru, sai ya sake. Na tuna yadda kwafewar farko ta riƙa cijewa. Na sa CrystalDiskInfo, wadda ke karanto rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Ta fito da ruwan ɗorawa, Caution. Layi biyu ne suka jawo hakan: Reallocated Sectors Count, wato gurabun da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya, da Current Pending Sector Count, waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda zai yi da su. Duk sanda Windows ya nemi abu a irin wannan gurbin, faifan zai yi ta maimaita ƙoƙari, kowa kuma ya tsaya jiransa. Ɗari bisa ɗarin da yaron ya gani ke nan. SysMain bai jawo shi ba, iyakarsa yawan karatun da yake yi ya sa ana yawan taka wuraren da suka lalace. Yawan mutuwar kwamfuta ana cikin rubutu ma ba ya yi wa faifai daɗi.

Malam ya ce, "Ana kukan targaɗe sai ga karaya."

Haka ne, amma gara da aka gani yanzu. Faifan da ya fara tara irin waɗannan gurabun ba ya warkewa, kuma ranar da zai tsaya gaba ɗaya ba ya sallama.

Kuɗin hannunsa abu ɗaya zai iya saya, ko ram ko SSD, wato faifan ajiya marar juyawa da ke maye gurbin had-dis. Da faifan lafiya yake da ram zan ce ya fara saya, domin a giga 2 nan ne abin ya fi matsewa, kuma akwai gurbi ɗaya fanko a ƙarƙashin murfin. Amma ƙara ram a kan faifan da ke mutuwa bai tsare masa aikinsa ba. Muka sa SSD na SATA mai inci 2.5, giga 128, wanda ya ishi mai aikin Word da Excel. Ban kwafe tsohon faifan ɗungurungum ba, saboda kada a ɗauko fayilolin Windows da suka riga suka lalace. Sabon Windows na ɗora, na mayar masa da aikinsa daga kwafin da na ɗauka tun farko.

Daskarewar ta tafi. Kwamfutar tana tashi kafin ya gama gyara zama. Ram ɗin yana nan giga 2, har yanzu ana turawa zuwa pagefile, amma yanzu a kan SSD ake yi, inda babu allurar da za a jira. Ƙanin ya soka filash nawa ya buɗe shafin ReadyBoost don ya gani, Windows ya ce ba a kunna shi ba domin faifan kwamfutar yana da saurin da ReadyBoost ba zai ƙara komai ba. Yaron ya ɗauka wata sabuwar matsala ce, na ce masa wannan saƙon shi ake so a gani. SSD ya fi filash na yau da kullum saurin karatun warwatse nesa ba kusa ba.

Da albashi ya shigo Malam ya dawo muka ƙara ram giga 4 ya zama 6. Na karanta takardar da ke jikin tsohon na nemo irinsa, domin DDR3 na laftof iri biyu ne, mai rubutun PC3 da ke aiki da bolt 1.5 da mai PC3L da ke aiki da 1.35, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar kowanne ba.

Ban ce ReadyBoost banza ba ne. Ina kunna wa mutane shi har yanzu, amma sai sharuɗɗan sun haɗu: ram giga 1 ko 2 wanda ba halin ƙarawa, had-dis mai juyawa da aka duba aka ga lafiyarsa ƙalau, filash da ya haye H2testw ya kuma haye gwajin Windows ba tare da dabara ba, da mai kwamfuta da ya san ɗan sauƙi zai samu wajen buɗe manhajoji, ba sabuwar kwamfuta ba. Daga giga 4 zuwa sama ba na ɓata lokacin kowa, domin Windows yana da isasshen ram da zai riƙe waɗannan ƙananan bayanan da kansa, kuma ram ya fi filash sauri ninkin ba ninkin. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sayar wa mutum filash da sunan ƙarin ram. Kuɗin da malami zai cire daga albashinsa ya kamata ya san abin da yake saya.

Sauran abu ɗaya da na gaya wa Malam ya shirya masa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma wannan kwamfutar ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa, tunda yana neman firosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0. Za ta ci gaba da aikin Excel ɗinta, amma na ce ya rage shiga intanet da ita barkatai, ya bar Windows Defender a kunne, kuma kowane fayil na maki ya zama yana wuri biyu: ɗaya a SSD inda zai riƙa aiki a kansa, ɗaya a wani filash mai giga 16 da muka gwada a gabansa, ya kuma tura kwafi zuwa imel ɗinsa duk ranar da ya kammala aji.